Sitiyari na tauri da safe kuma rak na zubar da mai, in gyara ko in sa Beljiyam?

Mai_Tsohuwa04:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masana harkar mota ku taimaka min da shawara, abin ya fara isata wlh. Mota ce ƴar Japan ta 2004, tokumbo na saye ta kuma ta daɗe a hannuna, injin lafiya giya lafiya, sitiyari ne kawai ya sako ni gaba. Da safe in na tayar da ita musamman yanzu da sanyi ya shigo sai sitiyarin ya yi tauri, sai na sa hannu biyu kafin in fita daga gida, kuma ya fi tauri in zan karya dama, to ina cikin kokawa da shi sai kawai ya saki lokaci ɗaya, in an ɗan yi tafiya mota ta ɗau zafi shikenan kamar ba a yi ba har dare. Ga kuma mai da yake raguwa, duk sati sai na ƙara, in na leƙa ƙasa robar nan mai lanƙwasa ta gefen fasinja a jiƙe take sharkaf.

Bakanikena ya taɓa sauke rak ɗin, wato ƙarfen da ke ƙasa mai karya tayun gaba in an juya sitiyari, ya canza sil, robar da ke hana mai zuba, ya ɗan yi shiru sai yoyon ya dawo. Yanzu yace kawai in kawo kuɗi a sa Beljiyam, wato rak na hannu da aka shigo da shi daga waje, wani kuma yace in zuba man birki kaɗan a ciki wai yana kumbura roba yoyo ya tsaya. Ni dai kuɗin Beljiyam ɗin ba kaɗan bane kuma ina tsoron in saya ya zama gara jiya da yau, da ita nake kai yara makaranta shi yasa hankalina bai kwanta ba. Meye gaskiyar abin?

Oga_Tsohon_Hannu:

Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Kafin komai, kar ka kuskura ka zuba man birki a tankin sitiyari. Robar da ke cikin rak da famfo an yi ta ne don mai irin wanda ake tacewa daga ɗanyen man fetur, man birki wani abu ne daban, zai kumbura ta ɗin da gaske amma kumburin lalacewa ne, ta yi laushi ta ruɓe, sai ka tashi daga matsalar sil ɗaya ka koma rak da famfo da tiyo duk sun tafi. Haka masu zuba man giya mai kauri wai don ya rage ɗiga, famfo suke kashewa.

Ni a yadda ka kwatanta ciwo biyu ne a motarka ba ɗaya ba, kuma shi yasa canza sil bai yi maka komai ba. Bari in ɗan yi bayani don ka san me za ka faɗa wa mai gyara.

Can inda sandar sitiyari ta sauko ta shiga rak akwai wani ɗan gida mai kamar kofi, a cikinsa bawul yake, shine mai raba mai, in ka karya hagu ya tura mai ɓangare ɗaya in ka karya dama ya tura ɗaya ɓangaren. A jikin bawul ɗin akwai zobba na Teflon, wata irin roba mai santsi, yawanci guda 4, sune suke raba hanyoyin man kar su haɗu. To matsalar da ke cikin ƙirar ita ce gidan na alminiyom ne, kamfanoni sun yi haka don rage nauyi da kuɗi, alminiyom kuma bashi da tauri. Shekara da shekaru bawul na juyawa, mai ya yi datti ya kwaso garin ƙarfe daga famfo, garin ya maƙale a jikin zobban, sai su dinga cin bangon gidan a hankali har su yi masa layi layi, kamar yadda igiyar guga take cin bakin rijiya. In ka sa farce a ciki za ka ji shi yana maƙalewa. Da safe komai ya yi sanyi zobban sun ƙanƙance sun yi tauri basa cika ramin, mai sai ya bi ta gefe ya wuce maimakon ya je ya tura sandar, kai kuma ka ji nauyi. Da man ya ɗau zafi zobban su buɗe su toshe, sai sitiyari ya saki. Kuma layin ba ya cin ko'ina daidai, shi yasa gefe ɗaya yake fin tauri.

Wannan ba sabon ciwo bane, motocin General Motors masu jan gaba na shekarun 1980 irin su Chevrolet Citation da Celebrity sun yi suna da shi a Amurka har ana ce masa ciwon safe, kuma maganin da masu sabunta rak suka samo tun lokacin shine a ƙwaƙule cikin gidan a inji a dasa masa siririn hannun riga na baƙin ƙarfe, zobban su koma gogar ƙarfe ba alminiyom ba. Rak ɗin da aka yi wa haka da kyau ta wannan wajen ya fi yadda ya fito daga kamfani. Amma in an sa sabbin zobba a tsohon gida mai layi to aikin banza ne, zai yi maka daɗi na ɗan lokaci ya dawo.

Na biyu yoyon. Waccan robar da kake gani a jiƙe, but, ba aikinta riƙe mai bane sam, aikinta hana ƙura da ruwa shiga, cikinta bai kamata a samu komai ba sai ɗan giris. In ka ga mai a ciki to sil ɗin da ke bakin silinda ne ya saki. Tambayar ita ce me ya kashe sil ɗin. Sandar rak inda sil yake gogawa sumul take tana ƙyalli, to in but ya tsage ko aka ɗaure shi da waya ko robar tayar keke maimakon kilif, ruwan damina da na wajen wankin mota ya shiga, ƙurar hunturu ta shiga, sandar ta yi tsatsa ta yi ƙananan ramuka, duk juyin da ka yi sai ramukan su yanki leɓen sil. Ka tuna man nan ba wasa bane, in ka karya sitiyari har ƙarshe matsin a ma'aunin bar yana wuce 70 yana kusantar 100 a wasu motocin, tayar motarka kuwa iskar cikinta bar 2 da ɗan wani abu ne. Ɗan ƙarcen da ido ma baya gani sosai ya isa mai ya samu hanya. Akwai kuma bushin a wannan gefen na fasinja da yake riƙe sandar a tsakiya, in ya ci sai sandar ta dinga rawa sama da ƙasa a gargada tana buɗe bakin sil, ko da sabo ne fil.

Abinda nake gani kullum shine a sauke rak a ƙasa cikin yashi, a fizge tsohon sil da sukudireba a ƙarce wajen zamansa, a buga sabo da guduma, a zura sandar haka nan haƙoranta su yanki sil ɗin tun kafin a ɗaura, sannan a mayar da shi kan tsohon baƙin man nan. Wlh abin yana min ciwo, domin mai mota ya biya kuɗi kuma ransa ne a kan ƙarfen nan. Ana naɗe haƙoran da leda mai kauri ko salatif a shafa mai kafin a zura, wannan ko yaron shago ya kamata ya sani.

Shawarata, rak ɗin da ya zo da motarka in sandarsa bata lanƙwashe ba kuma haƙoran basu cinye ba, ya fi maka wanda baka san tarihinsa ba. A sauke, a warware gaba ɗaya a wanke, kai da kanka ka tsaya ka ga abu uku da idonka, cikin gidan bawul, jikin sandar, da bushin. Tsatsa in sama sama ce ana goge ta da samfefa mai laushi sosai da mai, in ta yi rami mai zurfi sai dai a canza sandar ko a kai a sake mata kurom a daidaita kaurinta. Gidan bawul a yawancin na Japan kusoshi biyu ne suka riƙe shi, ana iya samun wani mai lafiya a canza shi kaɗai, ko a kai wa masu tonin, wato masu injin sassaƙa ƙarfe, da suka san aikin su dasa ƙarfe. Walda dai ko ta wane hali kar a kusanci sandar rak da ita.

Direban_Kano_Zariya:

Oga duk abinda ka faɗa gaskiya ne ban musa ba, amma fa ka yi maganar yadda ya kamata a yi ne ba yadda ake yi ba. Ina zai samu mai tonin ɗin da zai dasa masa ƙarfe daidai gwargwado, ga ramukan mai da za a huda su zauna daidai kuma a goge bakinsu kar su yanki zobba? Suna nan amma ba su da yawa, a Panteka ko Kofar Ruwa sai ka yi tambaya sosai. Sannan kayan sil ɗin da suka cika kasuwa yawanci jabu ne, robar bata jure zafi. Ni na zauna da motar haya shekaru, mota in ta kwana a gareji ni na yi asara, Beljiyam nake sawa in wuce wajen.

Sai dai sayen ma da ilimi. Malam in za ka saya kar ka aika yaro, ka je da bakaniken ka da tsohon rak ɗin a bayan mota ku gwada tsawo da wajen kusoshi da bakin tiyo. Ka sa a zame robar gefe biyun ka ga sandar da idonka, in akwai mai a ciki ko tsatsa ajiye musu kayansu. Mai kaya in ya ƙi a buɗe to ka san da magana. Ka kama kan finiyon, wato ƙarfe mai haƙora da sandar sitiyari ke shiga, da filaya ka juya daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ya tafi sumul, in ya zo tsakiya ya yi sako sako ko ya yi ƙat ƙat haƙoran tsakiya sun ci. Ka duba ramukan da tiyo ke shiga, in a buɗe suke ba a toshe ba to ƙasa ta gama shiga tun a kwantena. Kuma ka lura da hannu, na motar Ingila ko Japan mai sitiyari a dama ba zai yi maka ba, akwai masu juya shi su sayar, ka guje shi. Wanda aka wanke aka fesa masa baƙin fenti yana ƙyalli ni shi nafi tsoro akan mai datti. Ka karɓi garanti a rubuce ko na sati biyu ne, kuma a cikin kwanakin ka gwada shi da sassafe tunda ciwon naka na safe ne, da rana kowane rak lafiyayye ne.

Oga_Tsohon_Hannu:

Direba maganarka ta jabun sil haka take, nan kam ba gardama, in ba a samu kit mai kyau ba gara kar a fara. Amma ka tuna Beljiyam ɗin motar 2004 shima ɗan 2004 ne ko kusa da haka, gidan bawul ɗinsa alminiyom ne irin na wancan, kuma wanda ya fito daga ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara in but ɗinsa ya taɓa tsagewa tsatsarsa ta fi tamu muni. Layin cikin gidan kuma ba za ka gan shi da zame roba ba sai an kwance. Ni in dole sai Beljiyam to a kwance kan a leƙa kafin a ɗaura, aikin minti kaɗan ne.

Injiniya_mace:

Sannunku da ƙoƙari Oga da Direba. Ni abinda zan ƙara, Malam kar a sauke komai tukuna sai an tabbatar rak ɗin ne ke kawo taurin, saboda abubuwa da yawa suna kwaikwayon wannan ciwon kuma duk sun fi araha. Gobe da safe kafin ka tayar buɗe bonet ka duba man, ka tayar, ka sa wani ya juya sitiyari kai kana kallon cikin tankin. In ka ga kumfa kuma famfo yana kuka wuuu to iska yake sha, ko don man ya yi ƙasa saboda yoyon ko ta bakin tiyon da ke kawo mai daga tanki. Honda Accord na 2003 zuwa 2007 an san su da wannan, wata ƴar robar orin ce a bakin famfo take taurarewa in an yi sanyi iska ta shiga, kuɗinta bai kai na cin abincin rana ba amma an sha canza famfo da rak a kanta. In bel ne ya saki za ka ji ƙiii lokacin da kake karyawa. In ka ɗan taka totur sitiyarin ya yi sauƙi to famfo ne ya gaji. In taurin yana zuwa yana tafiya a zagaye ɗaya, nan tauri nan laushi, kuma ko da zafi ko da sanyi, duba ɗan joyin ɗin da ke sandar sitiyari ƙasa da fedal, tsatsa ke kama shi. A ƙasan tankin kuma yawanci akwai raga, in ta toshe da datti mai mai kauri na safe baya wucewa da sauri. Amma in famfo shiru, ba kumfa, bel daram, gefe ɗaya ya fi tauri kuma ya saki lokaci ɗaya in an ɗau zafi, to maganar Oga ce.

Yoyon ma a wanke wajen tas a bushe a duba daga sama, don tiyon matsi in ya tsufa yana ɗiga kan rak a ɗauka rak ne. A 2012 ma Honda ta yi kiranyen Accord masu V6 na waɗancan shekarun a Amurka saboda tiyon yana lalacewa da zafi ya zubo mai kan salansa. In an zame kilif ɗin but mai ya tsiyayo daga ciki shine ka tabbatar sil ne.

Baka faɗi sunan motar ba kuma baka faɗi wane mai kake ƙarawa duk sati ba, wannan kuwa babbar magana ce. Mu nan komai jan ATF, wato man giyar otomatik, ake zubawa. Tsofaffin Toyota irin su Camry da Corolla masu famfo eh ATF Dexron suke sha, a kan murfin ma an rubuta. Honda kuwa nata man daban ne, bata son ATF, yana taɓa mata sil. Golf da sauran Volkswagen na wancan zamanin koren mai suke so. Karanta murfin tankin ko littafin motar kar ka bi bakin mai shago.

Kuma ko gyara aka yi ko Beljiyam aka sa, dan Allah a wanke layin gaba ɗaya, tanki da tiyo da famfo, har sai mai ya fito da kalarsa, in ba haka ba garin ƙarfen da ya ci na farko shi zai ci na biyu. Kafin a cire rak a miƙe tayu a ɗaure kan sitiyari da bel ɗin kujera kar ya juya, akwai wata waya a naɗe a bayansa ta hon da eyabag, in ya yi ta juyawa a sake tsinkewa take. Bayan an ɗaura a ɗaga gaba da jak, inji a kashe, a juya hagu da dama har ƙarshe a hankali ana ƙara mai har kumfa ta ƙare sannan a tayar. Sai alaimen, wannan ba zaɓi bane, in ba haka ba sabbin tayunka za su cinye ta gefe.

Mai_Tsohuwa04:

Kai Allah ya saka muku da alheri, Oga, Direba, Hajiya na gode ƙwarai wlh na ƙaru. Na yi gwajin da Hajiya tace yau da safe, ba kumfa, famfo baya kuka, na taka totur ma taurin bai ragu ba sai da ta ɗau zafi. Man kuma baƙi ne ƙirin har da ɗan ƙyalli ƙyalli a ciki in ka shafa a yatsa, yana warin ƙuna. Mun zame kilif ɗin but mai ya zubo kusan rabin kofin shayi, robar ma a tsage take ta ƙasa inda ido baya kaiwa. Murfin ATF aka rubuta kuma shi nake zubawa. Wata tambayar kuma Oga, akwai ɗan ƙwas ƙwas da nake ji a gargada, bakanike yace in an ɗaura zai ɗaure wani babban noti a bayan rak ɗin ƙarar ta ɗauke, hakan daidai ne?

Oga_Tsohon_Hannu:

Wannan ƙyallin da ka gani a yatsa ƙarfe ne da alminiyom, kenan a duba famfon ma da kyau in an sauke. Maganar noti kuwa a bi a hankali. A ƙarƙashinsa akwai sifirin da wani ɗan abu kamar matashin kai da suke danna sandar rak ta manne da finiyon, ana saita shi ne da awo ba ɗaurewa ake yi tamau ba, a ɗaure a sassauto kaɗan yadda littafin motar ya ce sannan a kulle. Haƙoran rak a tsakiya suka fi ci saboda mota a miƙe ta fi tafiya, to in aka ɗaure har wasan tsakiya ya ɓace, gefe da gefe inda basu ci ba sai ya cije, ka sha kwana sitiyari ya ƙi dawowa da kansa, a kan babban titi wannan hatsari ne ba ƙarami ba. Kuma sau da yawa ƙarar ma ba daga nan take ba, tayirod na ciki ne ko bushin ɗin da na faɗa maka ko robobin da suka riƙe rak a jikin mota. A ɗaga motar a kama taya ta hagu da dama a girgiza, wani ya riƙe but ya ji inda wasan yake.

In za a kwance tayirod na ciki a riƙe sandar da sifana ta wajen da aka yi mata fili, kar a bar ƙarfin murɗawar ya sauka kan haƙoran finiyon, kuma a sa sabon wosha mai kullewa. But sabo gefe biyu da kilif na ƙarfe. In an gama ka daina riƙe sitiyari a ƙarshe yana kuka lokacin fakin, ka ɗan sassauto shi, kuma duk sanda za a yi juyen baƙin mai ka sa yaro ya haska tocila ya matsa robobin nan ya duba tsaga. Kafin a sayi komai dai a fara kwance gidan bawul ɗin, ka ɗauki hoton cikinsa da na sandar wajen da sil ke gogawa ka turo mana nan mu gani.